Wa ke da alhakin gyara gidan gajiyayyu?

A Kontagora, kamar sauran ƙasar Hausa, tsoho a ɗakin 'ya'yansa yake ƙarasa kwanakinsa. Wanda ya kai ga gidan gajiyayyu na hukuma galibi ba shi da kowa ne, shi ya sa idan rufi ya fara yoyo ko masai ya cika, babu mai ɗaga murya.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai ɓoye mai nauyin ba. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi da kula da su, kuma a layi ɗaya da maƙabartu, abin da ya isa a yi tsokaci a kansa. Ƙaramar hukumar Kontagora, ɗaya daga cikin 25 na jihar Neja, tana cikin wannan hukunci.

Matsalar tana wajen kuɗi. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya iso ƙasa kuma albashi ke lashe mafi yawansa. Gini yana da ranar buɗewa da hotuna, amma sauya kwano, yashe masai da gyara famfo ba su da mai yabo, sai a yi ta ɗage su. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, sai dai aiwatarwa na tafiyar hawainiya. Cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a dokarta a 2018, aikinta tsara manufofi ne, ba ta zuwa toshe rufi.