Injin Tarakta In Ya Cije, Haƙuri Ne Maganinsa

Duk wanda ya saba shiga harabar ma'aikatun gona a wannan yanki namu, da wuya bai taɓa ganin tsohuwar tarakta a gindin dalbejiya ba, tayoyi sun sace, ciyawa ta kewaye ta. Wasunsu tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 aka sayo su da dukiyar jama'a. In ka tambaya, sai a ce injin ya cije, wai magana ta ƙare. Alhali kuwa irin su Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964 da injin Perkins mai silinda 3, sau da yawa sukan tashi in sun sami bakanike mai haƙuri.

Cijewar inji iri biyu ce. Akwai wadda rashin baƙin mai ko zafi ke jawowa ana cikin aiki. Wannan sai an sauke injin an wargaza shi. Akwai kuma ta zama, wato ruwan damina ya bi ta salansa ya shiga silinda, tsatsa ta haɗe ringi da bangon silindar. Ita ce mai sauƙin magani.

Da farko sai a tsiyaye baƙin mai a duba ko da ruwa a ciki. Sa'an nan a kwance nozul-nozul, a ɗura man gas gauraye da man giya mara kauri cikin kowace silinda, a bar shi ya jiƙa mako ɗaya ko biyu. Bayan haka a ɗaga tayar baya guda da jak, a sa babbar giya, a riƙa jijjiga tayar gaba da baya a hankali. Ran da fistin ya motsa ko da kaɗan ne, to, an ci rabin aikin. In ya ƙi, a cire kan injin, a ɗora guntun itace bisa fistin a riƙa bugawa sannu sannu.

Babban kuskure shi ne a ɗaura taraktar a bayan wata mota a fizge ta tana cikin giya. Wannan yakan lanƙwasa sandar fistin ko ya karya ringi, gyaran kwana kaɗan ya koma na watanni. Haka kuma kada a mayar da nozul sai an juya injin ya fesar da man da aka ɗura, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Daga nan a zuba sabon baƙin mai, a sake matata, kana a tayar.

Muna jan hankalin ma'aikata da ɗalibanmu na makarantun noma: gwangwani guda da za a kife a bakin salansa, da tayar da injin sau ɗaya a wata, sun isa su hana wannan hasara tun daga tushe.