Wayar Tafi-da-Gidanka Ta Zama Jijiyar Kasuwanci A Nijeriya

IKKO: Tun kafin a kira sallar asuba manyan motocin tumatir da albasa da tattasai suke fara shiga kasuwar Mile 12 da ke nan Ikko, bayan doguwar tafiya daga Arewa. Kafin direba ya kashe mota, dillali ya riga ya san yawan kwandunan da ke ciki da farashin da aka saye su. Mai kayan kuwa, yana zaune a Kano ko Zariya, kafin azahar ya ga sanarwar shigar kuɗinsa. Duk wannan ciniki, tun daga tayi har zuwa biya, a kan wayar tafi-da-gidanka yake gudana.

Idan dai ba a manta ba, kafin shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, alhali kuwa jama'arta sun haura miliyan 100. Kamfanin NITEL ne ke riƙe da akalar harkar, kuma mai neman layi yakan yi watanni yana jira. 'Yan wayoyin hannu masu lambar 090 da ake gani a lokacin, sai a hannun manyan attajirai da manyan ma'aikata. Falke da ke son jin farashin goro a kurmi ko na shanu a Agege, sai dai ya ba direba saƙo, ko ya aiki yaro, ko kuma ya yi takakka da kansa.

Al'amura sun sauya a watan Janairun 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan Dalar Amurka miliyan 285 kowanne. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, inda aka riƙa sayar da layi ɗaya a kan Naira 20,000 ko fiye, ana kuma cajin Naira 50 a kowane minti. Shigowar Globacom a 2003 da tsarin caji bisa daƙiƙa ita ta karya farashi, har waya ta kai ga mai shayi da mai faskare.

A fuskar tattalin arziki, babbar ribar da aka samu ita ce arahar labari. A da, wanda ya riga jin farashi shi ke cin kasuwa, manomi kuwa yakan sayar a kan abin da aka faɗa masa. Yanzu manomi kan buga waya Dawanau ko Bodija ta Ibadan ya ji yadda buhu ya kwana kafin ya sallama. Kuɗin mota da kwanakin da ake ɓatawa a hanya sun ragu, jari kuma yana juyawa da sauri.

Daga baya sai kuɗin ma ya koma cikin waya. Alƙaluman kamfanin NIBSS, mai daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, sun nuna cewa kuɗin da aka aika nan take sun tashi daga Naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023. Wannan tashi yana da nasaba da sauya fasalin takardun Naira da Babban Bankin Nijeriya ya yi, wanda ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. A waɗancan watanni mahauta da masu kayan gwari da ba su taɓa buɗe asusu ba suka koyi karɓar kuɗi ta waya ala tilas, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay kuma suka sami ɗimbin abokan hulɗa.

Sai dai kuma abin da ya tattara shago da banki da littafin bashi da ɗan aike a wuri guda, ranar da ya tsaya, da su duka yake tsayawa. An ga haka a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga bisani kuma aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Masu sana'ar POS sun rufe rumfunansu, 'yan kasuwa kuma suka riƙa yin tafiya mai nisa domin kawai su buga waya ko su aika kuɗi.

Haka nan a ranar 14 ga Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Kafin yamma harkokin bankuna da dama sun tsaya cik a Ikko da sauran birane, mai saye yana tsaye da kuɗi a asusu amma babu halin biya. A cikin gida kuwa, masu aikin gina hanyoyi da ɓarayi sukan tsinke wayoyin da aka binne a ƙasa, yayin da akasarin turakun sadarwa suka dogara ga man dizal saboda rashin tsayayyiyar wutar lantarki.

Akwai kuma batun doka da na farashi. Umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wanda aka bayar a watan Disambar 2020, ya kai wa'adinsa na ƙarshe a Satumban 2024, aka kuma toshe miliyoyin layuka. Duk ɗan kasuwar da abin ya shafa, lambar da abokan cinikinsa suka san shi da ita ce ta tafi. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, ƙarin da ya faɗa kai tsaye cikin kuɗin gudanar da kowace sana'a.

Ɓarayi da 'yan damfara su ma ba a bar su a baya ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai ƙwacen waya a yau layin da ke cikinta ya fi nema, saboda ta nan ne ake kaiwa ga asusun banki. Wasu kuma sukan nuna wa mai kaya sanarwar biya ta bogi, su kwashi kaya su yi gaba.

A nata ɓangaren, Gwamnatin Tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman a 2024. Amma abin da ya rage ga ɗan kasuwa yana hannunsa. Ya kamata ya riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban da asusu a bankuna biyu, ya kulle layinsa da lambar sirri, ya kuma san yadda zai rufe asusunsa nan take idan waya ta ɓace. Kada ya saki kaya sai ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun zauna. Ya kuma rubuta basussuka da lambobin manyan abokan ciniki a littafi, tare da ajiye 'yar tsabar da za ta biya 'yan dako da direba.

Kayan gwari ba sa jiran layi ya dawo. Motar tumatir da ta iso Mile 12 da asuba, ko waya tana aiki ko ba ta aiki, dole a sauke ta a sayar kafin rana ta yi zafi.