Zaure Bayan Zaure: Yadda Ake Isa ga Na'urar da Ke Bayan Wata Kwamfuta

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, hanyoyin sadarwa suka yi ta kutsawa cikin karkara, har suka kai garuruwa irin su Batsari da Safana, waɗanda ke yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu. Ba abin mamaki ba ne yanzu a tarar da kwamfuta da firinta a ofishin makarantar sakandare, ko a shagon da ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ko kuwa a ga kyamarar tsaro a ƙofar sito. Galibin irin waɗannan wurare ta layin waya intanet take zuwar musu, watau ta wata 'yar na'ura mai ɗauke da sim, wadda ke rarraba intanet ga sauran na'urori. Sunanta rauta.

Akwai wata matsala da ta sha ɗaure wa ma'aikata kai a irin wannan tsari. Sau da yawa, saboda ƙarancin kaya, ba a haɗa firinta ko kyamara da rauta kai tsaye; da kwamfuta ake haɗa ta, ita kuma kwamfutar ta ɗiba mata daga abin da take samu. Na'urar tana aiki sarai, amma da zarar wani ya neme ta daga wayarsa, ko daga wata kwamfuta a ɗaki na gaba, sai a ce ba a san da ita ba. Makasudin wannan lacca shi ne bayyana dalilin haka, da hanyoyin warware shi, da kuma haɗarin da ke tattare da kowace hanya.

2. Adireshi iri biyu

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lambar adireshi. Tsarin da aka fi amfani da shi an shimfiɗa shi ne a 1981, kuma adireshinsa lambobi ne rukuni huɗu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255. In aka lissafa duka, adireshin da tsarin zai iya bayarwa bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba. A wancan zamani an ɗauka wannan adadi ya ishi duniya, amma a watan Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar adireshi ta duniya ta raba rukunanta na ƙarshe.

Masana sun hango wannan ƙaranci tun da wuri, saboda haka a 1996 aka tabbatar da keɓe wasu rukunan adireshi domin amfanin cikin gida kaɗai: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda suka fara da 172.16 har zuwa 172.31, da kuma masu farawa da 192.168. Kowane gida yana iya ɗaukar waɗannan lambobi ba tare da neman izini ba, domin ba sa fita waje. Misalinsu shi ne sunayen da ake kiran yara da su a cikin gida. Auta tana nan a gidaje dubu, kuma a kowane gida an san wadda ake nufi, amma wanda ya rubuta wasiƙa ya ce a kai wa Auta a Safana, wasiƙarsa ba za ta sami mai karɓa ba.

Yadda saƙo ke fita kuwa shi ne ta hanyar musayar adireshi, dabarar da aka bayyana a 1994. In wayar da ke cikin gida ta aika saƙo, rauta takan cire adireshin cikin gida ta maƙala nata na waje, sa'an nan ta rubuta a kundinta wanda ya aiko. In amsa ta dawo, sai ta duba kundin ta miƙa wa mai ita. Dattawa za su tuna zamanin da mutumin ƙauye kan ce a aiko masa da wasiƙa ta hannun hedimasta, domin makaranta ce kaɗai ke da akwatin gidan waya. Abin lura a nan shi ne, rauta amsa kawai take shigarwa. Baƙon saƙon da ba wanda ya nema daga ciki ba ya cikin kundi, don haka a ƙofa ake sallamarsa.

3. Gida cikin gida

A ɗauka, alal misali, akwai wani ofishi a Batsari. Rautarsa tana da adireshi 192.168.1.1, ta ba kwamfutar magatakarda 192.168.1.5, ta kuma ba wayar shugaban ofis 192.168.1.8. Duk su ukun 'yan gida ɗaya ne, suna jin kiran juna. Sai magatakarda ya jona firinta a jikin kwamfutarsa da kebul irin na intanet, ya kunna tsarin raba intanet da ke cikin Windows. Daga wannan lokaci kwamfutar ta zama mai fuska biyu. Ta fuskar rauta tana nan a kan 192.168.1.5, amma ta fuskar firinta ta ɗauki 192.168.137.1, wanda shi ne adireshin da Windows ya saba ɗauka, ta kuma ba firinta wata lamba daga wannan sabon rukuni, a ce 192.168.137.20.

Watau an gina gida cikin gida ke nan. A tsarin ginin Hausawa, baƙo yakan yi sallama a zaure, kuma in akwai shigifa a bayansa, ba ya ƙetare ta sai da jagora daga ciki. Kwamfutar magatakarda ta zama zaure na biyu. Firinta tana iya aika saƙo waje, domin kwamfutar tana yi mata musayar adireshi kamar yadda rauta ke yi wa kowa. Amma in shugaban ofis ya nemi 192.168.137.20 daga wayarsa, wayar za ta ga wannan lamba ba ta gidansu ba ce, sai ta miƙa wa rauta. Ita kuwa rauta ba a taɓa gaya mata akwai wani gida a bayan kwamfutar magatakarda ba, saboda haka sai ta tura saƙon waje, inda ba a karɓar adireshin cikin gida. Nan saƙon yake salwanta, alhali firintar tana nan taku goma daga mai nemanta.

Tsarin sarauta ya daɗe da sanin wannan al'amari. A Daular Sakkwato kowace masarauta tana da ƙofarta, watau basaraken da ake bi ta hannunsa a isa ga Sarkin Musulmi. Waziri, alal misali, shi ne ƙofar Kano da Zazzau. Haka nan saƙon da ya taso daga fadar Sarkin Katsina zuwa wani mutum a ƙauyen ƙasar Batsari, ta wurin Sarkin Ruma yake bi, sa'an nan dagaci, sa'an nan mai unguwa. Na ƙasar Safana kuwa ta wurin Yarima. Tsarin yana tafiya ne domin kowane mataki ya san wanda ke ƙarƙashinsa. Abin da ya ɓace a ofishin da aka yi misali da shi ke nan: matakin sama bai san da na ƙasa ba.

4. Hanyoyin warwarewa a cikin gida

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace sauƙi da ƙarko, ita ce a cire firinta daga jikin kwamfuta a jona ta da rauta kai tsaye. In ramukan rauta sun ƙare, akwai ƙaramar na'urar ƙara ramuka da ake sayarwa. Da an yi haka kowa ya koma ɗan gida ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce gada. Ana umartar kwamfutar ta haɗe fuskokinta biyu, ta daina zama zaure ta koma mashigi kawai. Firinta sai ta karɓi adireshinta daga rauta, mai farawa da 192.168.1, kowa ya gan ta. Sai dai gada ta fi tsayuwa in da kebul kwamfutar take haɗe da rauta. In ta iska ce, watau waifai, yawancin rautoci ba sa yarda na'ura ɗaya ta yi magana da bakin wata, don haka gadar takan yi gardama.

Hanya ta uku ita ce a sanar da rauta. Ana shiga kundin hanyoyinta a rubuta cewa duk saƙon da adireshinsa ya fara da 192.168.137, a miƙa shi ga 192.168.1.5. Wannan yana da sharuɗɗa biyu: dole a tsayar wa kwamfutar da adireshinta kada ya riƙa sauyawa, kuma dole a umarci garkuwarta ta bar saƙo ya wuce. Ƙananan rautoci masu arha ba duka ba ne suke da wannan kundi a buɗe.

Hanya ta huɗu ita ce buɗe taga. Ban da adireshi, kowane saƙo yana ɗauke da lambar taga da ke nuna irin hidimar da yake nema: 80 da 443 na shafukan intanet ne, 9100 kuwa yawancin firintoci ta nan suke karɓar aiki. Ana iya gaya wa kwamfutar cewa duk abin da ya zo mata ta taga 9100 ta miƙa wa firinta. Shugaban ofis sai ya nemi kwamfutar magatakarda, ita kuma ta kai saƙon ciki.

Hanyoyi ukun ƙarshe suna da rauni guda. In aka kashe kwamfutar, ko batirinta ya ƙare bayan an ɗauke wuta, ko magatakarda ya tafi da ita gida, duk abin da ke bayanta ya yanke.

5. Isa daga nesa

Matsalar tsaro ta sa mutane da dama daga ƙasashen Batsari da Safana sun koma birnin Katsina ko Dutsin-Ma, sun bar shaguna da rumbuna a baya. Mai irin wannan hali yana iya son ganin kyamarar shagonsa daga inda yake. A nan sai a tarar da zaure na uku. Saboda ƙarancin adireshi, kamfanonin waya sukan tara dubban masu sim a bayan adireshin waje kaɗan, su ma suna yin musayar adireshi a cibiyoyinsu. A 2012 har an keɓe musu rukuni na musamman mai farawa da 100.64. Mai gida yana da iko da rautarsa da kwamfutarsa, amma ba shi da ikon buɗe taga a zauren kamfani.

Mafita ita ce na ciki ya fara kira. Kwamfutar shago takan kira wata kwamfuta mai adireshin waje tsayayye, ta bar hanyar a buɗe. Tun da ita ta fara, duk abin da ya biyo ta wannan hanya amsa ake ɗaukarsa, kowane zaure sai ya bar shi ya wuce. Da ɗan gari akan ci gari. Manhajar SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a ƙasar Finlan a 1995, tana yin wannan aiki, kuma tana rufe saƙon yadda na hanya ba zai iya karanta shi ba. Kyamarorin kasuwa da yawa su ma haka suke yi, sai dai kwamfutar da suke kira ta kamfanin da ya ƙera su ce, a wata ƙasa mai nisa.

6. Haɗari biyu

Na farko shi ne ɓarawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada kalmomin sirri kimanin 60, waɗanda kamfanoni kan sa wa na'urori tun daga masana'anta, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci. A ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa. A yankin da 'yan bindiga ke neman labarin mai dukiya, kyamarar da ba a sauya mata kalmar sirri ba tana iya zama idon maƙiyi a cikin gida.

Na biyu shi ne yankewar hanya. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki, aka kuma kwashe watanni a haka. A irin wannan yanayi ake gane bambancin tsari da tsari. Firintar da ke gida ɗaya da kwamfutoci ba ruwanta da layin waya, domin rauta tana haɗa 'yan gida ko da sim bai kama komai ba. Amma kyamarar da ba a ganinta sai ta kwamfutar kamfaninta da ke ƙetare takan makance, ko da mai ita yana tsaye a gabanta.

7. Kammalawa

Akwai sabon tsarin adireshi, wanda aka tsara tun shekarun 1990, mai yalwar da za ta ishi kowace na'ura a duniya ta sami nata na kanta, amma har yanzu tsohon tsarin ne ke tafiyar da yawancin gidaje da ofisoshi. Saboda haka ya kamata ɗalibi ko ma'aikacin da aka ɗora wa kula da irin waɗannan kaya ya ɗauki takarda ya zana hanyar da saƙo ke bi, ya ƙirga zaurukan da ke tsakanin mai nema da abin nema. Duk zauren da za a iya cirewa, a cire shi. Wanda ya zama dole, a sanar da na sama da shi, a buɗe taga ɗaya tak gwargwadon buƙata, a sauya kalmar sirri tun ranar farko. Sa'an nan a zare sim a gwada, a tabbata aikin cikin gida yana tafiya ko da hanyar waje ta yanke.