Rumbun ajiya na zamani da makullin Wi-Fi na gida

A gidajen ma'aikata da yawa, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, hotunan iyali da takardun aiki sun koma cikin salula da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ran da salula ta ɓace, sai su ɓace tare da ita. Domin haka waɗansu magidanta ke sayen akwatin ajiya da ake kira NAS, wanda duk na'urorin gida ke zuba kayansu a ciki, tamkar rumbun gandu. Sai dai sau da yawa akwatin yakan ƙi kama Wi-Fi na gida, musamman in an ɗaura masa kalmar sirri.

Dalili na farko shi ne, yawancin waɗannan akwatuna an ƙera su ne domin aiki da waya. Kamfanin Synology ma, a tsarinsa na DSM 7 da ya fito a 2021, ya daina karɓar ƴar sandar Wi-Fi da ake cusawa a kafar USB. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja wayar Ethernet daga rumbun zuwa akwatin Wi-Fi. Daga nan salula da sauran na'urori za su same shi ta iska, ba tare da an taɓa makullin gidan ba. In ɗakunan suna da nisa, ana samun ƙaramar na'ura mai aikin gada: ita ke kama Wi-Fi da kalmar sirri, sa'an nan ta miƙa wa rumbun ta gajeriyar waya.

Dalili na biyu shi ne bambancin makullai. Makulli na fari, WEP, ya fito a 1997, kuma a 2001 masana suka nuna yadda ake karya shi. WPA ya biyo baya a 2003, WPA2 a 2004, sai WPA3 a 2018. Tsohuwar na'ura da ba ta san WPA3 ba ba za ta shiga ba, ko da kalmar sirrin daidai take. Maganin wannan shi ne a sa akwatin Wi-Fi a kan WPA2, ko kuma gamin WPA2 da WPA3. Komawa ga WEP ko cire makulli gaba ɗaya kuskure ne babba, domin duk mai wucewa bayan katanga zai iya shiga. Kalmar sirri tana ɗaukar harufa 8 zuwa 63, kuma doguwa ta fi. Wajibi ne kuma a kashe lambar WPS, wadda aka gano rauninta a 2011.

Akwai sauran ƙananan tarkuna. Tsofaffin na'urori suna jin zangon 2.4 GHz kaɗai, ba su jin na 5 GHz. Layin baƙi yakan hana na'urori ganin juna, saboda haka kada a sa rumbu a kansa. Yana da kyau kuma a ba rumbun adireshi tsayayye, don kada ya canja duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo.

Sakaci a nan yana da tsada. A watan Yuni na 2021, ɓarayin intanet sun share kayan mutane da yawa daga nesa, a cikin akwatunan My Book Live na kamfanin Western Digital, waɗanda ba a sabunta tsarinsu ba tun 2015. A Janairu na 2022 kuma, cutar DeadBolt ta kulle takardun masu akwatin QNAP, aka nemi kuɗin fansa. Akwatunan da abin ya shafa a buɗe suke ga intanet. Ya kamata mai gida ya rufe wannan ƙofa, ya kashe UPnP, ya canja kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita, ya riƙa sabunta tsarinsa.

A ƙasa mai zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, rumbun yana bukatar wuri mai iska da batir mai riƙe wuta. Abin da ba a iya mayarwa kuwa, kamar takardar fili ko ta haihuwa, sai a yi masa kwafi na biyu a wani faifai, a aje shi a wani gida dabam.