Ƙofar da ke Tsakanin Java da JavaScript: Me Ya Sa Ba a Barinta a Wangale

Shekaru da dama burawuzar da muke buɗe shafukan intanet da ita, Chrome ce ko Firefox, yare ɗaya kawai take ji, wato JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Su kuwa bankuna da manyan kamfanoni sun tara manhajojinsu ne da Java, yaren da Sun Microsystems ya fitar a wannan shekarar, kuma duk da kamannin suna, hanyar jirgi daban, ta mota daban. A watan Mayun 2006 kamfanin Google ya fito da Google Web Toolkit, wanda aka fi sani da GWT: mutum ya rubuta umarninsa da Java, wata manhajar fassara da ake kira kwamfaila ta juya shi zuwa JavaScript, burawuza ta karanta. Rigimar tana tasowa ne idan wani ma'aikacin, wanda ke rubuta JavaScript da hannu a kan wannan shafin, ya so ya kira wani kilas daga cikin abin da aka fassara, wato ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da ke haɗa bayanai da ayyukan da ake yi a kansu. Sai ya kira suna, ya ji shiru.

Kwamfailar ce ta jawo shirun, kuma da gangan. Idan marubuci ya sa wa wani aiki suna "jimillarKuɗinHaraji", tana iya mayar da shi harafi biyu ko uku marasa ma'ana. Aikin da ta ga babu mai kiransa a cikin Java sai ta share shi gaba ɗaya, ƙaramin aiki kuma ta narkar da shi cikin wanda ke kiransa. Duk don fayil ɗin da za a sauke ya yi ƙanƙanta ne, kuma wanda ke sayen data da kuɗinsa a inda sabis ke rawa shi ya fi kowa cin moriyar wannan tsumulmular. Sai dai kwamfailar ba ta ganin abin da ke wajen Java, don haka ba ta san wani na jira a waje da tsohon sunan ba.

Da farko ana magance abin ne da JSNI, dabarar cusa JavaScript a cikin fayil ɗin Java, marubuci ya rataya kowane aiki da hannu a jikin tagar burawuza ta hanyar $wnd. Aiki ne mai cin rai, ga saurin kuskure. Ray Cromwell ya rubuta gwt-exporter don ya riƙa samar da wannan haɗin da kansa, daga baya kuma GWT ya zo da nasa tsarin mai suna JsInterop, a matsayin gwaji a fitowa ta 2.7 a 2014, sannan cikakke a ta 2.8 a 2016. Yanzu alama ɗaya ake ɗora wa kilas, @JsType, a kunna zaɓin fitarwa lokacin fassara, sai sunayensa su tsira. Kotlin da Scala.js ma suna da alamominsu masu wannan aiki.

Tunda abin ya zama da sauƙi haka, mutane da yawa sun ɗauka maɓalli ne kawai ake latsawa, kuma a nan nake ganin kuskuren yake. Duk sunan da aka fitar alkawari ne aka ɗauka ga mutanen da ba a san iyakarsu ba. Gidan Bahaushe yana da zaure, a nan baƙo ke tsayawa a yi magana, maigida kuma yana iya rushe ɗaki ya sake gini a ciki ba tare da baƙon ya sani ba. Abin da aka fitar shi ne zauren: daga ranar da wani ya fara kiransa, ba a isa a canza masa suna ko yawan bayanan da yake karɓa ba sai an karya shafin wani, kuma kwamfailar ba za ta yi gargaɗi ba, sai mai amfani ya latsa ya ga babu motsi. Ga kuma nauyi, domin abin da aka fitar ba ya sharuwa, haka ma duk abin da ya dogara a kansa.

Yarukan biyu ma ba su yarda da juna a kan abubuwa na asali ba. Java ta yarda ayyuka biyu su yi suna ɗaya muddin bayanan da suke karɓa sun bambanta, JavaScript ba ta san wannan ba, dole a sake wa ɗaya suna. Mafi haɗari shi ne lamba. Java tana da nau'in lamba mai bit 64, ita kuwa lambar yau da kullum ta JavaScript ba ta da tabbas bayan 9,007,199,254,740,991, sai ta fara canza lambobin ƙarshe ba tare da ta ce uffan ba. Twitter ya ci karo da wannan a 2010, har sai da ya riƙa aika lambar kowane saƙo a matsayin rubutu. Sannan akwai lokaci: fayil ɗin da aka fassara yana sauka ne a bayan fage, wanda ya yi gaggawar kira kafin ya gama zai tarar babu kowa. Masu juya yaren C++ zuwa WebAssembly da kwamfailar Emscripten kuwa, nasu ya fi tsanani, domin abin da JavaScript ta ƙirƙira ta hanyar embind sai an goge shi da hannu, in ba haka ba ya yi ta cin ƙwaƙwalwar na'ura.

Wani zai ce, to a fitar da komai mana a huta, tunda ba a san abin da za a buƙata gobe ba. Amsar ita ce ƙara suna gobe aikin layi ɗaya ne, janye sunan da mutane suka riga suka dogara da shi kuwa sai da tattaunawa da jiran watanni. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a daina wahalar gaba ɗaya, a rubuta komai da JavaScript ko TypeScript, wanda Microsoft ya fitar a 2012. Ga sabon ƙaramin aiki, gaskiyarsu, babu dalilin ɗauko Java a zagayo da ita ta bayan gida. Amma inda aka riga aka mallaki lissafin da aka gwada shekara da shekaru, sake rubuta shi yana nufin kwafi biyu da za su iya ba da amsa biyu. Shi ya sa Inbox na Gmail, da ya fito a 2014, ya rubuta ainihin aikinsa sau ɗaya da Java, ya yi amfani da shi kai tsaye a Android, ya fassara shi da GWT don burawuza, da J2ObjC don iPhone. An rufe Inbox a 2019, amma JsInterop ya ci gaba a J2CL, kwamfailar da Google ya gina bayan GWT.

Don haka mai ba da kwangilar irin wannan manhaja, ko ɗalibin da ke koyon aikin, ya nemi a nuna masa jerin sunayen da aka fitar a rubuce, da irin bayanan da kowanne ke karɓa, da gwajin da ake yi masa daga ɓangaren JavaScript. Idan jerin ya yi tsawon da ba wanda zai iya bayanin dalilin kowane suna, a rage shi kafin a saki shafin.