Wasan ne ke cuta, ko an haɗa ka da tsaranka?

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a bakin samari masu buga wasa a waya, daga shagunan caji na Ƙauran Namoda har ɗakunan ɗaliban Poli. Wai kamfanonin wasanni maguɗi suke yi. In ka sauke wasa sabo, sai a sakar maka mara kwana biyu kana ta cin nasara, har ka fara jin kanka, daga nan a juya maka baya a yi ta kashe ka, sai ka gaji ka sa kuɗi. "Wasan ga akwai cuta cikinai," in ji su. Masu Free Fire na faɗi, masu PUBG na faɗi, amma 'yan ƙwallo sun fi kowa rantsuwa, don akwai mai ce maka ya san mintin da za a farke masa ci.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne an ɗora laifin inda babu shi, an bar inda yake a buɗe kowa na wucewa.

Mai ƙirƙirar wasa mutum biyu yake ciyarwa a akushi ɗaya. Ga ɗan gani-kashe-ni, wanda zai kwana yana bugawa, ya haddace kowane lungu na taswira, ya san bindigar da ke ja sama in an sakar mata wuta. Ga kuma tela ko ɗan acaɓa da ke taɓawa na minti ashirin bayan isha'i don ɗebe kewa. Na biyun su ne mafi yawa, nesa ba kusa ba. Na farkon su ne masu surutu. Rigimar ta fi tsanani a wasannin da ake kira RPG, inda mutum ke ɗaukar jarumi ɗaya ya raine shi daga tsumma har sulke, domin a can lokaci shi ne ƙarfi: wanda ya fi daɗewa a zaune shi ke da takobi mafi kaifi, ko da hannunsa bai fi naka ba.

An sha wahala kafin a gane haka. A 1997 aka buɗe Ultima Online, duniya ɗaya da dubban mutane ke shiga ta intanet, kuma da zarar ka fita daga tsaron gari kowa na iya kashe ka ya kwashe kayanka. Tsofaffin hannu sai suka mai da abin sana'a, suna tare sabbin shiga a hanya. Mutum ya biya kuɗin wata, ya yini yana sarar itace ko haƙar tama, wani ya zo cikin ƙiftawar ido ya raba shi da komai. Mutane suka fara tafiya. A 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu, Felucca inda ake kisa, da Trammel inda ba a taɓa ka sai da yardarka. Akasarin jama'a suka kwashe suka koma Trammel, mafarautan suka zauna a daji babu nama. Tun 1996 wani Baturen Ingila, Richard Bartle, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan wasa a Jami'ar Essex a 1978, ya rubuta cewa in masu son kisa suka yi yawa, masu zuwa don hira da zumunci za su gudu, in kuwa suka gudu su ma makasan sai su rasa abin yi.

Kada a ce to ai sai a biye wa masu yawa kawai. An gwada. A Nuwamban 2005 masu Star Wars Galaxies suka sauƙaƙa wasan gaba ɗaya don jawo sabbin mutane, sana'o'in jarumai sama da talatin aka dunƙule su suka koma tara. Tsofaffin 'yan wasa suka ga gumin shekara biyu ya bi ruwa, suka fice, sabbin da ake hari kuma ba su zo yadda aka zata ba. A Disamban 2011 aka rufe shi. Gwanayen nan su ke jagorantar tawaga, su ke koya wa na baya, su ake kallo a YouTube a yi sha'awar wasan tun farko.

Yanzu a zo kan zargin. A duk filin damben da ke da tsari a Zamfara, ba a ɗauko yaron da ya fara ɗaure hannu bana a tura shi gaban shago. Yara su share fage, matsakaita su biyo, manya sai can da la'asar sakaliya. In yaro ya kashe tsararsa uku a jere, gobe ba za a sake ba shi irinsu ba, za a nemo masa wanda ya ɗan fi su. Ya kashe wannan, a ƙara gaba. Wata rana zai kai inda zai yi turmi uku babu kisa, jibi ya buge wani, gata a buge shi. Babu wanda ya yi masa asiri, babu wanda ya sayi alƙali. Ya iso tsaransa ne. In ya fito yana cewa da can ina kisa kullum, yanzu an haɗa baki, dariya 'yan kallo za su yi masa.

Abin da kwamfuta ke yi ke nan, sai dai da lissafi. Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks ɗan asalin Hungary da ya zauna a Amurka, shi ya tsara wa darar Bature ma'auni, wanda hukumar wasan ta Amurka ta karɓa a 1960, ta duniya kuma a 1970. Kowa na da maki. Ka ci wanda ya fi ka, makinka ya yi tsalle. Ka ci na ƙasa da kai, ya ɗan motsa kaɗan. Tazarar maki 200 na nufin ana sa ran na sama ya kwashi kusan kashi 76 cikin 100, tazarar 400 kuwa kusan kashi 91. Microsoft ta faɗaɗa dabarar a 2005 da tsarin TrueSkill don wasannin da ake yi ƙungiya-ƙungiya, kuma yawancin wasannin gasa na yau da wani abu mai kama da wannan suke haɗa mutane, sau da yawa ba tare da an nuna maka makin ba. Inda lissafin ke kai kowa shi ne cin rabi, faɗuwa rabi. Wanda ya saba cin tara cikin goma, rabi a wurinsa cuta ce.

Waɗancan nasarorin farko kuma, a yi haƙuri, da yawansu ba mutane aka kashe ba. A PUBG Mobile sabon shiga yakan faɗo cikin fili cike da 'yan wasan bogi da kwamfuta ke tuƙawa, irin waɗanda za su tsaya a sarari suna harbin iska. An zuba su ne don ɗan koyo ya san inda maɓallin harbi yake kafin ya gamu da masu yi da gaske. Wato lokacin da aka ruɗe ka shi ne lokacin da kake ci.

A 2024 kamfanin Activision ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya yi a ɓoye a Call of Duty. Ya sassauta haɗa tsara da tsara ga rabin 'yan wasan Amurka ta Arewa, ya zuba ido. Kashi 90 cikin 100 na mutanen suka rage dawowa, masu fita ana tsakar wasa suka ƙaru, kashi goman da ke can sama ne kawai suka ƙara jin daɗi. Kamfani ne ke ba da shaidar kansa, a riƙe wannan a zuci, amma ya yi daidai da abin da aka gani a Ultima tun da daɗewa. Ba sai an je Amurka ba ma. A gidan gem inda doka ita ce wanda aka ci ya biya, wanda ya ci ya zauna, duba wa ke kan benci daga azahar zuwa magariba. Gwani ɗaya ne riƙe da pad, yana buga kyauta, yaran da suka zo da canjinsu suna ɗaukar nauyinsa ɗaya bayan ɗaya. Yaron da aka zura wa bakwai ana ihu a kansa, da wuya ya dawo gobe, mai gidan kuma yana mamakin inda kasuwa ta tafi.

'Yan ƙwallo fa? A Nuwamban 2020 wasu 'yan wasa a California suka maka kamfanin EA a kotu, suna zargin tana murɗa wahalar FIFA a ɓoye don a sayi katunan 'yan wasa. EA na da rajistar irin wannan fasaha, ba ta musa ba, amma ta ce ba ta sa ta a wasan ba. Ta buɗe wa masu ƙarar bayanan injiniyoyinta, a Maris na 2021 suka janye. Inda aka tabbatar wasa na murɗa lissafi a ɓoye, galibi don ya taimake ka ne. Resident Evil 4 na 2005 yana rage zafin abokan gaba in ya ga kana yawan mutuwa. XCOM 2, a matakansa masu sauƙi, yana ƙara maka sa'ar harbi fiye da adadin da ya rubuta a allo. Sannan akwai abin da ba mu so mu ambata: sabis. Wanda ke bugawa daga Zurmi ko Shinkafi, saƙon yatsansa sai ya yi doguwar tafiya zuwa na'urar kamfani a wata ƙasa ya dawo. In tafiyar ta ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abokin karawarsa kuma kashi ɗaya cikin talatin, an riga an harbe shi kafin ya ga mai harbin. A idonsa shi ya fara dannawa, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu ƙirƙira a Tokyo ko California ba su cika lissafawa ba. Su a wurinsu ɗan ɗebe-kewa shi ne wanda ya zaɓi ya buga kaɗan. A nan wuta ce ke zaɓar maka, da kuɗin data, wanda aka amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, da kuma tsaro. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Asarar ɗan wasa ita ce mafi ƙanƙanta cikin asarorin wancan lokaci, babu mai gardama. Amma ta nuna bambancin ƙira biyu. Wasan da ke ba da lada don ka leƙo kullum, ya kuma yanke maka in ka tsallake rana, hukunta mutumin Ƙaura yake yi kan abin da ba laifinsa ba. World of Warcraft, tun fitowarsa a 2004, akasin haka ya yi: in ka kwana biyu ba ka shiga ba, jaruminka ya huta, in ka dawo ladan kisan dodanni yana ƙaruwa na ɗan lokaci har ka ɗan kamo abokanka. Abin dariyar shi ne a lokacin gwaji an fara gabatar da tsarin a matsayin ragi ga mai yawan zama, mutane suka yi ca, sai aka sake masa suna ya koma kyauta ga wanda ya huta. Lissafin bai canja ba, kowa ya yi shiru.

Fire Emblem na Nintendo ma ya shekara ashirin a kan cewa sojan da ya mutu ya mutu ke nan. Da aka ba mutane zaɓi, mai so ya bar dokar, mai so sojansa ya dawo bayan yaƙi, fitowar 2012 mai suna Awakening ta ceto jerin wasan daga rufewa. Gwani bai rasa komai ba, tsohuwar hanyarsa na nan.

Cutar gaske tana wurin da aka ce wa mai ƙarancin lokaci ga gajeriyar hanya, kawo kuɗi. A Genshin Impact, RPG ɗin kamfanin miHoYo na China da ya fito a 2020, ba a sayar maka da jarumi kai tsaye. Ƙuri'a kake saye. Sa'ar samun babban jarumi a ja ɗaya kashi 0.6 ce cikin 100. An yi alkawarin ba za ka wuce ja 90 ba ka samu ba, amma ko ka samu, kusan rabi da rabi ne ya zama wanda aka tallata. In ka faɗi, sai ka sake wani zagayen, har 180 in sa'a ta ƙi. In da kuɗi za ka biya duka, ɗaruruwan daloli ne. Kuma ba a nuna maka farashin da naira ko dala, sai ka sayi wasu duwatsu, ka canja su zuwa wasu, ka sake canjawa zuwa tikiti, kafin nan lissafi ya ɓace maka. Juya-juyen da ake yi da dayamon a Free Fire ɗan gidan su ne. A nan kam har Activision ɗin da ke kare kanta tana da abin kunya: a 2017 aka ba ta rajistar wata dabara ta haɗa sabon shiga da gwanin da ke riƙe da makamin sayarwa, don yaro ya gani ya yi kwaɗayi. Ta ce bincike ne kawai, ba ta taɓa sa shi a wasa ba.

China ta tilasta bayyana adadin sa'ar irin waɗannan akwatuna tun 2017. Beljiyam ta ce caca ce a 2018. A Janairun 2025 hukumar FTC ta Amurka ta sa masu Genshin biyan dala miliyan 20, ta kuma hana su sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 ƙuri'ar ba da izinin iyaye ba. A gida, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa dokar caca da wasannin sa'a hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Ke nan maganar na hannun Zamfara, jihar da ta haramta caca tun da ta fara aiki da shari'a a 2000. Sai dai idon hukuma da na iyaye ya fi sauka kan ɗakin gem na bakin titi, mai janareta da hayaniya, inda yaro ke biyan kuɗin da ya sani ya buga wasan da ya gani. Wanda ke kwance a ɗaki shiru yana tura kuɗin makaranta ta POS don a loda masa dayamon, shi ne ake cewa yaron kirki, ba ya yawo.