San Antonio Spurs Tsakanin Rainon Matasa da Neman Nasara

Gasar NBA, wadda ita ce babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tana da wani tsari da zai ba mai bin ƙwallon ƙafa mamaki, domin a cikinta babu ƙungiyar da ake korawa zuwa ƙaramin rukuni komai shan kashinta. Maimakon haka, ƙungiyoyin da suka fi koma baya su ne ake ba damar fara zaɓe daga cikin matasan da ke shirin shiga gasar a kowace shekara. Ana jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen fitar da gwani ba, kuma uku da suka zo can ƙasa kowacce tana da kashi 14 cikin ɗari na samun zaɓin farko. Manufar ita ce kada ƙarfi ya taru a hannu ɗaya, ko da yake tsarin yakan sa wasu ƙungiyoyi su rungumi faɗuwa da gangan na 'yan shekaru.

Ƙungiyar San Antonio Spurs ta jihar Texas tana cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan tsari. Ta zaɓi David Robinson a 1987 da Tim Duncan a 1997, dukansu a matsayi na farko, sannan ta ɗauki kofi sau biyar tsakanin 1999 da 2014 a ƙarƙashin koci Gregg Popovich. Sai dai abin da ya fi jawo mata girma shi ne iya raino, domin Tony Parker a matsayi na 28 aka zaɓe shi, Manu Ginobili kuwa a na 57, wato a lokacin da yawancin ƙungiyoyi suka riga suka wuce su. Bayan wannan zamani ya shuɗe, ƙungiyar ta ci wasa 22 kacal cikin 82 a kakar 2022 zuwa 2023, ƙuri'a ta faɗa mata, ta ɗauki Victor Wembanyama, matashin Faransa da aka haifa a 2004, wanda tsayinsa ya kusa mita biyu da kwata.

Tsayi kaɗai ba baƙon abu ba ne a wannan wasa. Abin da ya bambanta Wembanyama shi ne yana tafiya da ƙwallo yana jefa ta daga nesa kamar gajeren ɗan wasa, alhali a wajen tsaro kasancewarsa kusa da kwando kawai takan sa abokan hamayya su fasa kutsowa. A shekararsa ta farko ya riƙa cin maki sama da 21 a kowane wasa, ya fi kowa tare ƙwallon da aka jefa, aka kuma ba shi lambar gwarzon sabbin 'yan wasa ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. Duk da haka ƙungiyar ta sake tsayawa a nasara 22, abin da ya nuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kakar 2024 zuwa 2025 ta zo da ci gaba haɗe da jarrabawa. Popovich ya kamu da bugun jini a watan Nuwamba, mataimakinsa Mitch Johnson ya riƙe ragama, daga baya aka tabbatar masa da kujerar a Mayun 2025. A watan Fabrairu likitoci suka gano daskararren jini a jijiyar kafaɗar Wembanyama ta dama, aka dakatar da shi bayan wasa 46. Ƙungiyar ta gama da nasara 34, Stephon Castle, wanda aka zaɓa a matsayi na huɗu, ya gaji abokin wasansa a lambar gwarzon sabbi, sannan ƙuri'a ta sake yi mata gata da zaɓi na biyu, inda ta ɗauki Dylan Harper.

A nan ne tambayar kakar 2025 zuwa 2026 take. Castle da Harper da De'Aaron Fox, wanda aka karɓo daga Sacramento aka kuma tsawaita masa kwantiragi na shekara huɗu a kan kuɗi sama da dala miliyan 200, dukansu masu tsara wasa ne, wato 'yan wasan da amfaninsu yake fitowa idan ƙwallo tana hannunsu, ga shi kuwa ƙwallon ɗaya ce. Matashi ba ya goguwa a kan benci, sai an bar shi ya yi kuskure a fili, ya zubar da ƙwallo, ya jefa a inda bai kamata ba. Amma kowane irin wannan kuskure yana iya jawo asarar wasa, kuma ƙungiyar da ta biya Fox wannan kuɗi ta riga ta shelanta cewa ta daina ɗaukar faɗuwa a matsayin darasi. Hanyar da ta fi dacewa, bisa dukkan alamu, ita ce a bar Harper ya jagoranci 'yan canji, kamar yadda Ginobili ya shafe shekaru yana shigowa daga benci ba tare da darajarsa ta ragu ba, yayin da Castle zai dogara da tsaro har jifarsa daga nesa ta gyaru.

Akwai kuma lissafin kuɗi da ke hana jinkiri. Albashin wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen matasa ƙayyadadde ne na shekara huɗu, kuma ƙarami ne idan aka auna shi da ƙimar gwani, saboda haka waɗannan shekaru ne ƙungiya take da sararin ɗauko gogaggu su kewaye shi kafin dokar iyakance albashi ta matse ta. Wembanyama zai cancanci sabon kwantiragi mai tsoka daga bazarar 2026, na Castle da na Harper kuma suna biye. Wembanyama kansa bai zauna ba a lokacin hutun 2025, domin ya je wajen Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995, don koyon taku da juyi a ƙarƙashin kwando, fannin da har yau ake ganin ba a samu kamarsa ba.

Rukunin Yamma, inda Spurs take, ba ya sassauci. Ƙungiyoyi shida ne suke wucewa kai tsaye zuwa zagayen fitar da gwani, ta bakwai zuwa ta goma kuma sai sun sake fafatawa a kan gurbi biyu. A kakar 2024 zuwa 2025 Oklahoma City ta ci wasa 68 ta kuma ɗauki kofi da tawagar matasa, sannan ƙungiyar da ta zo ta takwas ma nasara 48 ta samu. Ke nan a farkon kakar 2025 zuwa 2026 Spurs tana buƙatar ƙarin nasara kusan 14 a kan 34 da ta samu, kuma mafi yawan wannan ƙari ya rataya ne a kan adadin wasannin da Wembanyama zai iya bugawa.